Abin da mutum zai tarar a zangon kwana biyu na masu kallon taurari

Wani malamin makarantar sakandare ya rubuto mini cewa abokansa sun gayyace shi zuwa wani zango a bayan gari, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Lahadi, domin kallon taurari, alhali shi ba shi da madubin hangen nesa, bai kuma taɓa leƙa ko ɗaya ba. Yana so ya san abin da masu wannan sha'awa suke tararwa a irin wannan zama, da kuma ko tafiyar ta cancanci wahalarta.

Malam, ka je, kuma kada rashin madubi ya hana ka. Na daɗe ina koyar da fiziks, na kuma kwana a irin wannan zango sau da dama tare da abokai da ɗalibai, kuma abin da na tabbatar shi ne, babban abin da ake zuwa nema a can shi ne duhu, sai kuma ido wanda aka koya wa haƙuri. Madubi yana zuwa ne a bayan waɗannan biyun. A cikin Kano ko Kaduna, ko da an ɗauke wuta, fitilun kan titi masu aiki da hasken rana da na masu janareto da na motoci suna haska ƙurar da ke sama, har samaniya ta koma toka-toka, ta yadda mutum zai iya ƙirga taurarin da yake gani ya gama cikin ɗan lokaci. A wuri mai duhu na sosai kuwa, idon mai lafiya yana iya ganin taurari sama da 2,000 a lokaci guda, tare da wannan farin zane mai kama da hayaƙi da ya ratsa samaniya daga wannan gefe zuwa wancan, wanda shi ne babban garken taurarin da ranarmu take ciki, muna hangen sa daga cikinsa. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin wannan zane daga inda suke zaune, ya kuma sa Chadi cikin ƙasashen da hasken fitilu bai ɓata wa dare ba. Ƙauyukanmu da yawa suna da irin wannan arziki har yanzu, arzikin da mutanen Turai suke tafiyar sa'o'i a mota domin su same shi.

Sai dai duhun wuri kaɗai bai isa ba, sai ido ya saba da shi. Baƙin ido yakan buɗe cikin 'yan daƙiƙoƙi idan an shiga duhu, amma sinadarin da ke can bayan ido, wanda ke kama haske maras ƙarfi, yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya taru, kuma farin haske na daƙiƙa kaɗan yana rushe wannan aiki. Shi ya sa doka ta farko a kowane zango ita ce ba a kunna farar tocila, ba a kuma duba waya sai an rage haskenta an mayar da shi ja, domin jan haske maras ƙarfi bai cika taɓa wannan sinadari ba. Jar leda ninki biyu da aka ɗaure da roba a bakin tocila ta wadatar. Na ga daren da wani baƙo da ya makara ya shigo fili da mota wajen ƙarfe goma, ya bar manyan fitilunsa a kunne yana neman wurin ajiye ta, mutum kusan ashirin suka rasa abin da suka yi rabin sa'a suna tarawa. Babu wanda ya yi masa faɗa, domin bai sani ba, amma daga ranar muka mayar da shi sharaɗi cewa kowa ya iso kafin magariba. Isowa da rana tana da wani amfanin ma, domin za ka ga ramuka da duwatsu da igiyoyin tanti tun kafin ka fara yawo a cikinsu cikin duhu.

Ka tambayi waɗanda suka gayyace ka ranar nawa ga wata suka sa. Farin wata sha kallo ne, amma shi ne babban mai hana ganin taurari, domin wata mai kwana goma sha huɗu yana shafe kusan duk abin da aka je nema. Mu da muke bin lissafin watan Musulunci wannan ba ya ba mu wahala, domin zango mai kyau yana faɗawa ne tsakanin 26 ga wata da 3 ga mai kamawa. Haka ake yi a ko'ina. Taron Stellafane da ake yi a garin Springfield na jihar Vermont a Amurka tun 1926, inda mutane ke kawo madubin da suka goga gilashinsa da hannunsu, ana ɗora shi ne a kan ƙarshen mako na kusa da tsayuwar wata. Bayan wata sai yanayi, kuma a nan ne ƙasarmu take da nata sharaɗin. Daga Yuni zuwa Satumba gajimare ne, shi ya sa ruwan taurari masu tsinkewa na 12 da 13 ga Agusta, wanda mutanen Turai suke ɗokin sa, yawanci yakan wuce mu a bayan hadari. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuma hazo ne, ƙurar da iskar hunturu take kwasowa daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A daren hazo mai kauri za ka ɗaga kai ka ga babu gajimare ko kaɗan, amma taurari biyar ko shida ne kawai suka iya ratsowa. A ganina lokacin da ya fi shi ne ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba, lokacin kaka, ruwa ya ɗauke ya bar iska a wanke, hazo kuma bai kankama ba. Ruwan taurari na 13 da 14 ga Disamba, wanda ƙurar wani dutsen sama mai suna Faiton ke haddasawa, yana cikin mafi yawa a shekara, amma a wurinmu sa'a ce, wata shekara a dace wata shekara hazo ya cinye shi.

Yanzu bari in faɗa maka abin da za ka gani, kuma gara in fara da wanda yake sa sababbin zuwa su yi sanyin gwiwa. Hotunan da kake gani a intanet, masu ja da shuɗi da ruwan hoda, kyamara ce ta tara haskensu na tsawon sa'o'i, wasu ma daga madubin Hubble da ke sama da iskar duniya aka ɗauko su. Idon mutum ba ya tara haske haka, kuma a cikin duhu ba ya rarrabe launi sosai. Saboda haka idan aka ce maka ga garken taurari na Andiromeda, ka sa ido a madubi, abin da za ka tarar ɗan dusu-dusu ne mai kamar auduga da aka ja, fari-fari, ba shi da iyaka bayyananniya. Mutane da yawa sukan ɗago kai su ce, shi ke nan? A nan ne aikin zango yake farawa. Wanda ya saba zai ce maka kada ka kalle shi kai tsaye, ka karkatar da ganinka kaɗan zuwa gefe, domin ƙwayoyin ido masu kama haske maras ƙarfi sun fi yawa a gefe, tsakiyar ido kuwa ta rana ce. Idan ka yi haka, ka kuma daure ka tsaya minti uku ko huɗu kana numfashi a hankali, sai ka ga audugar nan ta miƙe ta yi tsawo, tsakiyarta ta yi haske, wani ɗan ɗigo ya bayyana a gefenta. Hasken da ya shiga idonka a wannan lokaci ya baro can shekara wajen miliyan 2.5 da suka wuce, kuma a wuri mai duhu ana ganin sa ko babu madubi. Masanin falaki Abdurrahman as-Sufi ya ambace shi a rubuce tun shekarar 964, ya kira shi ɗan ƙaramin gajimare, kuma idan ka gan shi za ka yarda cewa ya siffanta shi daidai.

Wajen ƙarfe tara a tsakiyar Nuwamba taurari ukun nan masu jere suna fitowa daga gabas, a tsakiyar ƙungiyar da Larabawa ke kira Jauza'u. A kusa da su akwai wani gajimare na iskar gas da ƙura, mai nisan tafiyar haske ta shekara kusan 1,350, inda ake haihuwar sababbin taurari har yanzu. Wannan kam ba ya ba da kunya ko a ƙaramin madubi, domin yana buɗewa kamar fikafikan tsuntsu, da ƙananan taurari huɗu a cikinsa. Bayan sa'a ɗaya da wani abu sai Shi'ira ta biyo baya, wadda ta fi kowane tauraro haske da dare, wadda kuma aka ambaci sunanta a Suratun Najmi. Nisanta tafiyar haske ce ta shekara 8.6, wato tana cikin maƙwabtanmu na kusa.

Abin da ya fi girgiza mutane, a iya abin da na gani, shi ne duniyar Zuhal mai zobe. Na tuna wani direba da ya kawo mu, wanda da farko ya ce shi zai kwanta a mota. Da aka lallashe shi ya leƙa, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya zagaya gaban madubin ya leƙa bakinsa ya ga ko mun liƙa hoto a ciki, ya dawo ya sake sa ido, ya ce, «Malam, ai tafiya take yi.» Gaskiya ya faɗa, domin cikin minti ɗaya ko biyu takan sulale ta fita daga madubin, sai an tura shi kaɗan an bi ta. Na gaya masa cewa juyawar ƙasar da muke tsaye a kanta ce yake gani, wadda take sa samaniya ta yi kamar tana tafiya digiri 15 a kowace sa'a. Bai koma mota ba sai bayan ƙarfe biyu. Zoben yakan karkace ya kuma miƙe a ganinmu cikin shekaru, a 2025 ma ya juyo mana da kaifinsa har ya kusa ɓacewa, kuma duniyoyi suna sauya wuri kowace shekara, saboda haka ka duba manhajar Stellarium, wadda kyauta ce, ka ga waɗanda za su kasance a sama a daren da za ku je.

Hikimar kwana biyu maimakon ɗaya tana bayyana ne a kan duniyar Mushtari, wadda littattafan boko ke kira Jufita. A gefenta za ka ga ɗigo huɗu a jere, watanninta ne da masanin falaki Galileo ya gani a 1610. Ka zana su a takarda daren Juma'a, misali uku a dama ɗaya a hagu, ka sake zana su daren Asabar, za ka tarar jerin ya sauya, domin na kusa da ita yana kewaye ta cikin sa'a 42 kacal. Wanda ya yi wannan zane da hannunsa ya ga motsin halittun sama da idonsa, kuma ni a wurina wannan ya fi darasin allo na mako guda. Ina roƙon ka, tunda malami ne kai, ka tafi da littafin rubutu da fensir, ka riƙa sa lokaci da abin da ka gani da yanayin sama.

Game da rashin madubi, ga abin da ya faru a daren 22 zuwa 23 ga Yulin 1995. Thomas Bopp, wanda ba masanin jami'a ba ne kuma ba shi da madubi nasa, ya fita cikin hamadar Arizona tare da abokai irin fitar da aka gayyace ka. Yana leƙa madubin abokinsa, yana kallon wani dunƙulen taurari, sai ya lura da wani dusu-dusu a gefe wanda babu shi a taswira. Suka zuba masa ido har suka tabbatar yana motsi. A wannan dare Alan Hale ma ya gan shi daga jihar New Mexico, shi ya sa aka haɗa sunayensu aka raɗa wa tauraruwa mai wutsiyar nan Hale-Bopp, wadda ta haskaka sosai a farkon 1997, aka kuma yi wata kusan 18 ana ganin ta da ido, manyanmu da yawa suna tune da ita. Al'adar zango ke nan, mai madubi yana jin daɗin a yi layi a bayansa. Abin da ake nema daga gare ka shi ne ka nemi izini, kada ka riƙe jikin madubin da hannu domin yana kaucewa daga saitinsa, kada kuma ka taɓa gilashi, ko da ka ga ƙura a kansa, domin ƙurar hunturu tana da yashi, shafa ta da hannu ko da gefen riga kuwa karce ne.

Idan kana son ka riƙe wani abu naka, ka ari madubin hannu mai ido biyu, wanda aka rubuta 10x50 a jikinsa, wato yana kusanto da abu sau 10, faɗin gilashinsa kuma milimita 50. Kada ka yi gaggawar sayen babba kafin ka je. A zango za ka leƙa iri-iri, za ka kuma gane cewa faɗin gilashi ne ƙarfin madubi, ba yawan kusantowar da ake rubutawa a kwali ba. Gilashi mai faɗin milimita 200 yana tara haske fiye da sau 800 na abin da ido yake tarawa, kuma irin madubin da John Dobson ya yaɗa ƙirarsa a Amurka, bututu a kan akwatin katako mai juyawa, shi ne mafi sauƙin sarrafawa ga mai koyo. Gargaɗi ɗaya ba na sassautawa a kansa: kada a taɓa duban rana da kowane irin madubi ba tare da matacin da aka yi domin haka ba, domin makanta ce nan take, kuma da rana a rufe bakin kowane madubi saboda yara.

Wani abin da ba na mantawa shi ne maigadin makarantar da muka sauka a filinta, dattijo mai kimanin shekara saba'in. Ya zo ya tsaya a gefe da sandarsa, na nuna masa Surayya na fara bayani, sai ya ce, «Kaza da 'ya'yanta ke nan, ɗana. In ka ga ta fito da magariba, to a nemi bargo, an kuma kusa gama kai amfani gida.» Na ba shi madubin hannu na ce, «Baba, duba ka ƙirga mini 'ya'yan.» Shi da ya san shida ko bakwai tun yana yaro, sai ga su birjik sun fi talatin, ya yi ta salati. Shi ne kuma ya tambaye ni ko Zara da Gamzaki 'yan'uwa ne, na ce masa abu ɗaya ne, duniyar Zahra ce, wani lokaci ta biyo bayan rana da yamma, wani lokaci ta riga ta fitowa da asuba, kuma a madubi tana cika tana raguwa kamar wata. Irin wannan hira tana kawar da zargin da wasu suke yi cewa duba muke yi. Mu lissafin tafiyar taurari da nisansu da abin da aka yi su da shi muke bi, irin ilimin da ake sanin alƙibla da lokacin salla da tsayuwar wata da shi, ba mu kuma jingina musu arzikin kowa ko tsiyarsa.

Wurin da muke a doron ƙasa ma gata ne. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka tauraron arewa yana tsaye ne digiri 12 kawai sama da ƙasa, ɗan fiye da faɗin dunƙulen hannu idan an miƙa shi, kudu kuwa a buɗe take mana sosai. Suhailu, na biyu a haske bayan Shi'ira, wanda mutumin Landan ba zai taɓa ganin sa daga gida ba, yana hawa kusan digiri 25 a wurinmu, a Nuwamba wajen ƙarfe uku na dare. A Afrilu da Mayu kuma, idan ruwan farko ya wanke iska, ana ganin taurari huɗun nan masu siffar gicciye can ƙasa a kudu da farkon dare. Ka zaɓi wurin zama inda bishiya ko gini bai tare maka kudu ba.

Maganar tsaro ba abin wasa ba ce a wannan zamani, kuma ba na ba kowa shawarar ya shiga daji da dare saboda taurari. Filin makarantar kwana mai katanga a gefen ƙaramin gari, ko gonar wani sananne kusa da ƙauyensu, ya wadatar. A gaida dagaci ko mai unguwa tun da rana, a sanar da 'yan sanda da 'yan sintiri, domin mutanen da suka taru cikin duhu da bututu a kan ƙafafu suna iya tayar da hankalin wanda bai san su ba. Idan da mata a tafiyar a tanadar musu masauki nasu. Ka sa takalmi rufaffe saboda kunama da maciji, ka tafi da maganin sauro da tabarma da rigar sanyi da hula, domin sanyin ƙarfe uku na dare ga wanda yake zaune wuri ɗaya ya wuce yadda ake zato, raɓa kuma takan jiƙa takarda da gilashi. Shayi a fulas yana da amfani ƙwarai. Da rana ranar Asabar a yi barci sosai, domin wanda ya ƙi yin haka ba ya kai tsakar daren na biyu. Ka kuma shirya wa yiwuwar dare ɗaya ya lalace. Mun taɓa yin zangon da hazo ya sauko ranar Asabar da la'asar, muka kwana muna hira da koyon saita madubi, ba mu ga komai ba sai Mushtari.

Idan sama ta yi kyau, kada ka kwanta a ƙarshen daren na biyu, ko kuma ka sa a tashe ka wajen ƙarfe huɗu. Ka fuskanci gabas inda babu hasken gari. Kafin alfijir ya keto za ka ga wani haske fari maras ƙarfi ya taso daga ƙasa ya miƙe sama kamar dala, mai faɗi a gindi mai tsini a kai. Hasken rana ne yake faɗawa a kan ƙurar da ke warwatse tsakanin duniyoyi, kuma a ƙasashe irin namu na kusa da tsakiyar duniya ya fi fitowa sarai, domin a tsaye yake tasowa. Masana da yawa suna ganin shi ne alfijir na ƙarya da littattafan fiƙihu suka siffanta da wutsiyar kyarkeci, wanda ba ya halatta sallar asuba, ba ya kuma hana mai azumi cin sahur. A zangonmu na ƙarshe akwai wani abokina malamin Islamiyya wanda ya shekara fiye da goma yana karantar da wannan babi. Muka tsaya tare muna kallon dalar nan, har wani haske dabam ya shimfiɗu a kwance a gindin samaniya daga hagu zuwa dama, ya fara haɗiye ta. Ya nuna na kwancen da yatsa ya ce wannan shi ne na gaskiya, sannan ya je ya yi alwala ya kira salla.